Dalilin da Ya Sa Hoton Kwamfuta Ke Dusashewa a Talabijin, da Inda Ya Kamata a Fara Dubawa

A cikin hunturun da ya wuce, wani malamin sakandare da ke koyarwa a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura ya aiko yaro ya kira ni, saboda ya ji an ce ina ɗan taɓa gyaran kwamfuta. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, alhali mafi yawan ɗalibansa ko linzamin kwamfuta ba su taɓa riƙewa ba. Don haka sai ya aro talabijin mai inci 32 daga gidan yayansa, ya jona shi da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, domin duk ajin su ga yadda tambayoyi ke fitowa da yadda ake zaɓar amsa. Hoto dai ya fito, amma rubutun ya yi dishi-dishi kamar an shafa wa gilashin man gyaɗa, kowane harafi da wani farin zobe kewaye da shi, sannan layin ƙasa, inda agogo da alamar batir suke, rabinsa ya shige bayan bakin talabijin ɗin.

“Malam, kebul biyu na saya a Kano,” in ji shi, “kuma na biyun har rantsuwa mai shagon ya yi mini cewa babu irinsa. Yanzu kuma ana ce mini talabijin ɗin ne ya tsufa.” Na ce, “Allah gafarta malam, bar kuɗinka a aljihu tukuna, miƙo mini rimot.” Gyaran bai ci minti goma ba, kuma ko sisi ba a kashe ba.

Kuskuren malamin shi ne na kusan kowa. Da zarar hoto ya ƙi kyau sai a ɗora wa kebul laifi, idan an canza shi bai yi ba sai a koma kan talabijin. Hoton kuwa hannu huɗu yake bi kafin ya iso ido: bidiyo ko shafin da aka buɗe, kwamfutar da ke tura shi, kebul ɗin da ke ɗauke da shi, da talabijin ɗin da ke nuna shi. Kowanne a cikinsu idan ya yi ɓarna, ɓarnar tana zuwa da kamanninta, kuma wanda ya iya karanta kamannin zai san inda zai sa hannu tun kafin ya hau mota zuwa kasuwar Sabon Gari.

Fuskar talabijin na bango, wanda jama'a ke kira falasma, an gina ta ne da ƙananan ɗige-ɗige masu haske a jere cikin layuka, kuma adadinsu ƙayyadadde ne tun daga masana'anta, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Wanda aka rubuta wa Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimla 2,073,600. Mai 4K yana da 3840 a kwance da 2160 a tsaye, sama da miliyan takwas ke nan. Amma yawancin masu inci 32 masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda suka cika gidaje da shagunan ƙauyukanmu, 1366 ne a kwance da 768 a tsaye, wato miliyan ɗaya da 'yan kai. Hoto yana fitowa tangaran ne kawai idan adadin ɗigon da kwamfuta ke turawa ya zo daidai da na fuskar, kowane ɗigo ya faɗa gurbinsa.

Mai ɗinkin hula ya san wannan magana tun kafin kwamfuta ta shigo ƙasar nan. Idan aka tsara zane a kan gurbi ɗari, sannan aka ce ya ɗinka shi a ƙyallen da gurbi saba'in kawai zai ɗauka, dole ya haɗe wasu gurabe ya tsallake wasu. Daga nesa hular za ta yi kama da ta asali, amma duk inda siririn layi yake zai fito da kauri a wani wuri, ya tsinke a wani wuri. Haka talabijin ke yi idan an turo masa hoton da ya fi ƙarfin fuskarsa ko wanda bai kai ta ba: yana matse shi ko ya ja shi, yana cike gurabe da ƙiyasi. Fim da wasan ƙwallo suna jure wannan, domin fuskar mutum da ciyawar fili ba su da kaifin gefe. Rubutu ba ya jurewa, saboda ƙafar harafi sau da yawa faɗinta ɗigo ɗaya ne ko biyu, da an taɓa ta sai ta narke.

Mai karatu zai ce ai kwamfuta ya kamata ta gane girman talabijin da kanta. Tana ƙoƙari. Da zarar an jona su, talabijin yakan aika mata ɗan taƙaitaccen bayani game da kansa, da sunansa da girman hoton da yake karɓa, abin da masana ke kira EDID. Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙananan talabijin da yawa suna shaida wa kwamfuta cewa suna karɓar 1920 da 1080. Ba ƙarya suka yi ba, suna karɓa, sai dai su matse shi ya koma 1366 da 768 kafin su nuna. Wannan ne ya faru da malamin namu. Kwamfutarsa tana tura ɗigo miliyan biyu, talabijin yana zubar da kusan rabi. Da na danna linzami ta dama a kan fuskar kwamfuta, na shiga Display settings, na sauko da girman zuwa 1366 da 768, nan take rubutun ya miƙe. A wasu talabijin 1360 da 768 za a gani a jerin, shi ma a gwada shi. Kada a dogara kacokan da wanda Windows ta ce shi ne zaɓinta. A duba kwali ko takardar da ke manne a bayan talabijin, a nemi lambar samfurinsa a intanet, a san ainihin adadin ɗigonsa.

Akwai kishiyar wannan matsala, kuma ta fi addabar masu manyan talabijin. Idan aka bar kwamfuta tana nuna hoto ɗaya a fuskarta da ta talabijin a lokaci guda, dole ta zaɓi girman da dukansu za su iya ɗauka, ƙaramin cikinsu ne kuwa ke yanke hukunci. Yawancin kwamfutocin hannu da ake sayarwa a titin Beirut na Kano fuskarsu 1366 da 768 ce, saboda haka mutum zai sayi Full HD mai inci 43 da kuɗi mai tsoka, amma rabin abin da zai iya nunawa ake ba shi. Maganin yana kan maɓalli biyu: a danne mai tambarin Windows tare da harafin P, a zaɓi Extend ko Second screen only, sannan a koma saiti a ba talabijin girmansa na gaskiya.

Ko da an daidaita ɗigo, talabijin yana da nasa shisshigin, domin ba don rubutu aka ƙera shi ba. Tsohon talabijin mai ƙeya gefen hotonsa ba ya tsayawa sak, don haka masu ƙera shi sukan faɗaɗa hoton kaɗan yadda gefen zai ɓuya a bayan firam, gidajen talabijin kuma suka saba ba sa ajiye abu mai muhimmanci a can baki-baki. Wannan al'ada ta biyo talabijin na bango har yau, ko da yake dalilinta ya gushe. Ita ce ke cinye layin agogo, kuma ɓarnarta biyu ce, domin faɗaɗawar kaɗai ta isa ta gusar da kowane ɗigo daga gurbinsa. Ana kashe ta a wurin saitin girman hoto, sai dai kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata: Just Scan a LG, Screen Fit ko Fit to Screen a Samsung, Full Pixel a Sony, Dot by Dot a Sharp. Na sha ganin masu gyara suna barin talabijin yadda yake, su shiga kwamfuta su tsuke hoton har gefen ya dawo. Agogon zai dawo, amma an matse hoto sannan an sake jansa, an yi masa rauni biyu ke nan. Wannan dabara sai idan talabijin ɗin ba shi da wurin kashewa sam.

Farin zoben da ke kewaye da haruffa kuwa aikin Sharpness ne. Mutane suna ƙure shi da zaton zai ƙara wa hoto kyau, alhali babu abin da yake ƙarawa face ya zana siririn farin layi a gefen duk wani abu mai duhu domin ido ya ɗauka kaifi ne. A rage shi sannu a hankali ana kallon rubutu har zoben ya ɓace. A wasu talabijin sai an kai sifiri, a wasu kuma tsakiya ne daidai, ƙasa da haka sai hoto ya fara laushi. Haka nan yanayin hoto mai suna Vivid ko Dynamic an yi shi ne domin talabijin ya ja ido a cikin shago, ba domin a zauna gabansa ana karatu ba.

Wani lokaci baƙin rubutu a kan farin shafi zai fito garau, amma ja ko shuɗi ya fito a dagule. Dalili shi ne idon ɗan Adam ya fi gane bambancin haske da duhu fiye da bambancin launi, don haka masu tsara bidiyo suka yi tsimi: ana adana hasken kowane ɗigo, amma launi ɗaya ake raba wa ɗigo biyu ko huɗu. Talabijin yakan bi wannan hanya ko da kwamfuta ta turo masa cikakken launi. A Samsung da LG, idan aka shiga jerin kafofin shigar hoto aka sauya sunan kafar HDMI, wato inda kebul ɗin kwamfuta ya shiga, zuwa PC, talabijin zai daina wannan tsimi, kuma ya janye yawancin gyare-gyarensa gaba ɗaya. A ganina wannan ɗan sauyin suna shi ne abu mafi amfani da aka fi jahilta a duk sha'anin.

Sai kuma hoton da ya yi fari-fari kamar safiyar hazo, baƙi ya koma toka-toka. Wannan saɓanin ma'auni ne, kamar mai sayar da gero da mai saye kowa ya zo da kwanonsa. Kwamfuta tana auna haske daga 0 zuwa 255, tsarin bidiyo kuwa daga 16 zuwa 235. Idan kwamfuta ta turo da ma'aunin bidiyo, talabijin ya karanta da na kwamfuta, 16 ɗin da ake nufin baƙi wuluk sai ya fito toka. Idan aka juya, sai duhu ya haɗiye komai, mai baƙar riga ya saje da dare. Ana daidaita su ta Black Level a talabijin ko ta manhajar katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto a kwamfuta. Ba wani ma'auni da ya fi wani a nan, abin nema dai su biyun su yi amfani da kwano ɗaya.

Yanzu a zo ga kebul ɗin da ake ta zargi. HDMI, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a watan Disamba na 2002, yana da tsinke 19 a bakinsa, kuma lambobi yake ɗauka, hoto da sauti tare. Lamba kuwa ko ta iso ko ba ta iso ba. Idan kebul ɗin HDMI ya lalace, ko ya yi tsawo fiye da ƙarfinsa, abin da za a gani shi ne fararen ɗige-ɗige suna walƙiya kamar tartsatsi, ko hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko talabijin ya ce babu sigina. Ba ya sa rubutu ya yi dishi-dishi, ba ya sa launi ya koɗe. Duk wanda ya ce maka kebul mai bakin zinare zai ƙara wa hoto kaifi a tsawon mita biyu, ciniki yake nema. Abin da ya fi kawo cikas a wajenmu shi ne ƙurar hunturu da ke taruwa a kafa, da kuma bakin kebul da ya saki saboda yawan cirewa da mayarwa. A kashe kayan, a share kafar da busasshen buroshi mai laushi, kada a zura allura ko wani ƙarfe.

VGA labarinsa daban. Shi ne mai shuɗin kai da kusoshi biyu na ɗaurewa, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987, da tsinke 15 a layi uku. Ba lambobi yake ɗauka ba, ƙarfin lantarki ne mai hawa da sauka, kuma ba ya ɗaukar sauti. A nan kam ingancin kebul da tsawonsa suna tasiri ƙwarai: siriri mai tsawo yakan sa kowane harafi ya yi inuwa a damansa. Tsinke na 1 da na 2 da na 3 su ne ja da kore da shuɗi. Idan na farko ya lanƙwashe hoto zai rine zuwa shuɗi-shuɗi mai kore, idan na biyu ne ya koma ruwan hoda, idan na uku ne ya yi rawaya. Tsinke na 12 da na 15 kuma ta nan bayanin talabijin ke zuwa wa kwamfuta, idan babu su sai ta rasa da wa take magana, ta tsaya a kan 1024 da 768. Wannan girma na fuska mai kusan murabba'i ne, talabijin kuma zai ja shi ya cika faɗinsa, shi ya sa ake ganin mutane sun zama gajeru masu ƙiba, ƙwallo ta koma kamar ƙwai. Mai amfani da VGA ya nemi Auto Adjust a saitin talabijin ya danna, domin yakan kawar da rawar da rubutu ke yi.

Akwai wata cuta da ta fi kama VGA a ƙauye, inda janareta ko inbata ke riƙe da gida: wasu layuka masu duhu da ke tafiya a hankali daga ƙasa zuwa sama, ko hoto ya riƙa kaɗawa kamar ruwan tafki. Gwajinta mai sauƙi ne. A zare cajar kwamfuta, a bar ta a kan batir. Idan layukan sun ɓace, hayaniyar wuta ce ke bi ta caja ta shiga kebul. A jona kwamfuta da talabijin a soket ɗaya, a guji cajar bogi, a nemi gajeren kebul mai kauri wanda ke da ƙulli kusa da kowane kai, ko kuma a koma HDMI idan akwai kafarsa.

Game da kebul mai kai uku, rawaya da ja da fari, gara a faɗi gaskiya. Tsarin hoton talabijin na PAL da Najeriya ke bi layi 576 kawai yake nunawa, kuma haske da launi a waya ɗaya suke cakuɗe. Ɗan akwatin da ke mayar da HDMI zuwa wannan kebul zai ba da damar kallon fim a tsohon talabijin, amma ƙananan rubutu ba zai taɓa karantuwa da kyau ba, komai tsadar akwatin. Idan hoton ya fito fari da baƙi ko yana birgima, a duba ɗan makunnin da ke gefensa, a tura shi daga NTSC zuwa PAL.

Da tsari na bi, da gwajin da zan faɗa yanzu na fara, domin shi ke raba gardama. A rufe bidiyo, a kalli rubutun Windows kanta, sunayen fayiloli da agogo. Idan su sun fito tangaran amma bidiyo ya fashe ya yi tubali-tubali, to kwamfuta da kebul da talabijin duk sun fita daga zargi, bidiyon ne bai da jini. Masu gidajen kallo suna yawan faɗawa wannan rami. Idan sabis ya yi rauni, YouTube da ire-irensa sukan sauko da bidiyo da kansu zuwa 360 ba tare da sun nemi izini ba, wato ɗigo 640 da 360, jimla 230,400, kashi ɗaya cikin tara daidai na abin da Full HD ke buƙata. Kowane ɗigo sai an ja shi ya rufe gurbi tara. Haka bidiyon da ya bi ta WhatsApp hannu zuwa hannu, da fina-finan da masu turawa a kasuwa ke matsewa domin su shiga ƙaramin memori. A wayar salula suna da kyau saboda fuskarta tafin hannu ce. Abin da aka riga aka zubar wajen matsewa babu saitin da zai dawo da shi.

Idan kuma hoton yana da kyau amma motsi ne ke tsalle-tsalle, ƙwallo tana tafiya tana ɗan tuntuɓe, a duba sau nawa fuskar ke sabuntawa a daƙiƙa. Kwamfuta ta saba da 60, shirye-shiryen talabijin na Turai da namu kuwa a kan 50 aka gina su, kuma 50 ba ya shiga 60 daidai. A cikin Advanced display da ke ƙarƙashin Display settings ana iya mayar da talabijin 50 lokacin kallon wasannin Turai. Masu 4K su ma su lura: HDMI 1.4 na shekarar 2009, wanda ke jikin tsofaffin kwamfutoci, sau 30 kawai yake iya tura cikakken 4K a daƙiƙa, sai 2.0 na 2013 ne ya kai 60. A kan 30 linzami zai riƙa jan ƙafa. Gara a tura 1920 da 1080 a kan 60, tunda kowane ɗigo zai rufe gurbi huɗu cif ba tare da saura ba.

Wani lokaci a shiga saiti a tarar girman da ake nema babu shi a jerin ma sam. Galibi hakan na faruwa ne bayan an sake loda wa kwamfuta Windows ba a sa mata manhajar katin hoto ba, wadda masu gyara ke kira direba. Idan aka duba Device Manager, inda Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, aka ga Microsoft Basic Display Adapter, to ita ce matsalar, sai a sauko da ta Intel ko AMD ko Nvidia gwargwadon katin da ke ciki.

Saura abu ɗaya wanda ba lalacewa ba ce, ko da yake ana kawo ƙararsa. Ɗigo 1366 da 768 a fuskar kwamfuta mai inci 15.6 sun kai kimanin ɗigo 100 a kowane inci, amma adadin nan a talabijin mai inci 32 bai wuce 49 ba. Wanda ya sa fuskarsa kusa da talabijin kamar yadda yake yi wa kwamfuta dole ya ga ɗige-ɗige ɗaya-ɗaya, sai ya ja da baya kamar mita biyu sannan su haɗe. A ajin malamin, na benci na farko ne suka fara wannan ƙorafi, na baya kuma suka ce su rubutun ya yi musu ƙanƙanta. Muka ja bencin farko baya da taku uku, muka ɗora talabijin a kan tebur biyu domin ya wuce kawunan na gaba, sannan na nuna wa malamin yadda zai danne Ctrl tare da alamar tarawa ya ƙara girman rubutun shafin ba tare da ya taɓa adadin ɗigo ba. Ya danna sau biyu, ya juya ya tambayi wata yarinya da ke can jikin bango ko tana gani, ta karanta masa tambayar farko da zaɓinta huɗu. Kebul na farko da ya saya, wanda ya jefa cikin durowa, da shi aka ƙarasa darasin, domin ya fi na biyun tsawo.